WARIYA A WURIN AIKI: Yadda Baƙar Fata Ke Bin Haƙƙinsa A Amurka

 

'Yan uwa, maganar yau a kan ma'aikaci ce da aka zalunta a wurin aikinsa saboda launin fatarsa, sai ya ɗauki ƙararsa ya kai gaban hukumar gwamnati don a yi bincike. Ƙasar da ake magana a kai ita ce Amurka. Matasa da yawa suna da ɗan uwa ko aboki a can, musamman a unguwar Buronks ta birnin Niyu Yok, inda Hausawan Gana da na Nijar da na Nijeriya suke da yawa. Wasu kuma burinsu ke nan su tafi. To, duk wanda zai sayar da ƙarfinsa a ƙasar wasu, wajibi ne ya san ƙofar da ake bi idan aka taka shi, ya kuma san inda ƙarfin wannan ƙofa ya tsaya.

Ranar 2 ga Yuli, 1964, shugaban Amurka Lindon Jonson ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Jama'a. An kai ga wannan doka ne bayan shekaru ana jerin gwano, ana ɗaure baƙar fata, ana sakar masu karnuka, ana kashe wasu. Babi na Bakwai na dokar ya haramta wa mai ɗaukar aiki ya bambanta mutane saboda jinsinsu na asali, ko launin fata, ko addini, ko kasancewa namiji ko mace, ko ƙasar da suka fito. Haramcin ya shafi ɗauka, da kora, da albashi, da ƙarin girma, da yanayin aiki. Dokar ta kuma kafa hukumar da za ta riƙa karɓar ƙorafi, wato Hukumar Daidaita Damar Aiki, wadda aka fi sani da EEOC. Ta buɗe ƙofa ranar 2 ga Yuli, 1965. Da farko ba ta da ikon kai kowa kotu, iyakarta bincike da lallashi. Sai a 1972 aka ba ta ikon shigar da ƙara da kanta.

LABARIN PERCY GREEN

Don a gane yadda abin yake a aikace, sai a dubi labarin wani baƙar fata mai suna Percy Green, mutumin birnin St. Louis a jihar Misuri. Makaniki ne a kamfanin ƙera jiragen sama na McDonnell, wanda daga baya ya zama McDonnell Douglas, kamfanin da a lokacin yake da ma'aikata sama da 30,000. Ya fara aiki da su tun 1956. Kuma shi ɗan gwagwarmaya ne, ba mai shiru ba. Ranar 14 ga Yuli, 1964, shi da wani abokinsa farar fata suka hau wani dogon ginin tarihi da ake kan ginawa a birnin, har tsawon ƙafa 125, don su nuna wa duniya cewa aikin na gwamnatin tarayya ne amma an hana baƙar fata guraben sana'a a cikinsa.

Wata ɗaya da rabi bayan haka, ranar 28 ga Agusta, 1964, kamfanin ya sallame shi. Dalilin da aka ba shi: ana rage ma'aikata. Shi kuwa ya ce ƙarya ne, launinsa da gwagwarmayarsa ne. Sai shi da abokansa suka shirya wata zanga-zanga. Suka raba kansu gida biyar, kowane gida da mota huɗu, suka je suka kashe motocin a kan hanyoyi biyar da ke shiga ma'aikatar, daidai lokacin da ma'aikatan safe ke tururuwa. 'Yan sanda suka zo, ya ƙi ɗage motarsa, aka janye ta, aka kama shi. A kotu ya amsa laifin toshe hanya, aka ci shi tara.

Ranar 25 ga Yuli, 1965, kamfanin ya yi shela yana neman makanikai. Green ya nema nan take. Suka ce ba za su ɗauke shi ba saboda toshe hanyar da ya yi, da kuma wata zanga-zangar da aka garƙame ƙofar wani gini da sarƙa da kwaɗo, wadda ba a tabbatar da iyakar hannunsa a ciki ba. Sai ya kai ƙara gaban EEOC, wadda a lokacin jaririya ce. Ya yi zargi biyu: na ɗaya, an ƙi shi don shi baƙi ne, na biyu, an yi masa bi-ta-da-ƙulli don ya yi adawa da wariya.

To, me hukumar ta yi? Ta bincika, ta ce akwai dalili mai ƙarfi a kan zargin bi-ta-da-ƙulli. A kan zargin launin fata kuwa ta yi gum, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta nemi sasanta su, abin ya faskara. Sai a watan Maris na 1968 ta sanar da shi cewa yana iya zuwa kotu da kansa cikin kwana 30. Ku lura, 'yan uwa, an doshi shekara uku ke nan da hana shi aikin. Ranar 15 ga Afrilu, 1968, ya shigar da ƙara.

Alƙalin farko ya kori zargin launin fata, wai tunda hukumar ba ta ce komai a kai ba, kotu ba za ta saurara ba. Ya kuma ce toshe hanya saɓa doka ne, don haka dokar ba ta kare wanda ya yi shi. Aka ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Ranar 14 ga Mayu, 1973, alƙalai tara gaba ɗaya suka yi hukunci. Suka ce shirun hukumar ba zai toshe wa mutum hanyar kotu ba. Muddin ya kai ƙorafi a kan lokaci, ya kuma karɓi takardar izini, to kotu ta saurare shi daga tushe.

Sannan suka shimfiɗa matakai uku da kotunan Amurka ke bi har yau idan babu hujja ƙarara. Mataki na farko a kan ma'aikaci yake: ya nuna cewa yana cikin waɗanda doka ta kare, ya nemi aikin da ake neman mutane, ya cancanta, an ƙi shi, kuma an ci gaba da neman masu irin cancantarsa. Mataki na biyu a kan kamfani: ya faɗi halastaccen dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi. Mataki na uku ya dawo kan ma'aikaci: ya nuna cewa dalilin nan fakewa ce da guzuma don a harbi karsana. Kotun ta ba da misalin irin hujjar da za ta yi amfani: shin akwai fararen fata da suka aikata laifi mai nauyin nasa amma aka bar su a aiki ko aka sake ɗaukarsu? Yaya aka riƙa mu'amala da shi lokacin da yake aiki? Yaya tsarin kamfanin yake wajen ɗaukar baƙar fata?

Aka mayar da shari'ar ƙasa. Alƙali ya sake saurare, ya ce dalilin kamfanin gaskiya ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1976. Wato Percy Green ya shekara goma sha ɗaya yana bin maganar, sunansa ya shiga littattafan lauyoyi, dubban ma'aikata sun ci shari'a da ƙa'idar da aka kafa a kansa, amma shi bai koma aikinsa ba. Abin da ya kayar da shi kuwa shi ne ranar nan da ya kashe mota a kan hanya. Da ita kamfanin ya samu mafaka. Wannan bai rage masa daraja a matsayin mai gwagwarmaya ba, amma darasi ne: mai niyyar bin haƙƙinsa ta hanyar hukuma ya san cewa duk abin da ya yi, za a ɗauko shi a auna.

YADDA AKE BI A YAU

Abu na farko, 'yan uwa, kuma mafi haɗari, shi ne lokaci. Ma'aikaci yana da kwana 180 daga ranar da aka yi masa abin ya shigar da ƙorafi. A jihohin da ke da tasu dokar da tasu hukumar, wa'adin yana kaiwa kwana 300. Lissafi yana farawa ne daga ranar da aka sanar da shi hukuncin, misali ranar da aka ce an kore shi. Kai kuka ga ofishin ma'aikata na kamfani, ko ga ƙungiyar ƙwadago, ba ya tsayar da wannan agogo. Mutum yana zaune yana jiran manaja ya duba maganarsa, kwanaki suna tafiya, kafin ya farga ƙofa ta rufe. Wata mata mai suna Lilly Ledbetter ta yi aiki kusan shekara ashirin a kamfanin taya na Goodyear a jihar Alabama ana biyanta ƙasa da maza. A 2007 Kotun Ƙoli ta kayar da ita a kan maganar wa'adi kawai. Sai da majalisa ta gyara dokar a 2009, ta yadda a maganar albashi kowane biya yana sabunta lissafi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya kuwa tasa hanyar daban ce, kuma wa'adinsa ya fi gajarta: kwana 45 ya tuntuɓi jami'in da ke kula da irin wannan ƙorafi a ma'aikatarsa.

Abu na biyu, ya san ko dokar ta shafe shi. Babi na Bakwai yana aiki ne a kan mai ɗaukar aiki da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Ƙaramin shago mai yara biyar ba ya ciki, sai dai a duba dokar jiha, domin wasu jihohin sun sauko ƙasa da haka. Haka nan wanda yake aikin kansa bisa kwangila ba ma'aikaci ba ne a idon wannan doka. Wanda kuma takardunsa na zama ba su cika ba, ya fara ganin lauya kafin ya ɗaga ƙafa.

Shigar da ƙorafi kyauta ne, kuma ba dole sai da lauya ba. Ana farawa ta intanet ko ta ofishin hukumar, a yi hira da jami'i, sannan a rubuta takardar zargi mai ƙara ya sa hannu. A nan a natsu. Duk dalilin da mutum yake zargi ya sa shi a ciki: idan launi ne da ƙasar asali da addini, ya ambace su duka, domin abin da bai shiga takardar ba, yana da wuya a saurare shi a kotu daga baya. Cikin kwana 10 hukumar za ta sanar da kamfanin. Saboda haka kada wani ya ɗauka abin a ɓoye yake. Maigidan zai ga sunan mai ƙara, zai ga abin da ya ce.

Daga nan akan yi wa ɓangarorin biyu tayin sulhu. Ba tilas ba ne, sai kowa ya yarda, kuma abin da aka faɗa a zaman sirri ne. Sulhu yakan ƙare cikin ƙasa da wata uku, bincike kuwa yakan ɗauki kamar wata goma, wani lokaci fiye. Amma mai sa hannu a takardar sulhu ya sani yana yafe haƙƙinsa na zuwa kotu a kan wannan magana, don haka ya karanta kowane layi, ya kuma nuna wa lauya.

Idan sulhu bai yiwu ba, sai hukumar ta nemi kamfanin ya ba da amsa a rubuce. Lauyoyi ne ke rubuta ta, kuma yawanci za ta zana mai ƙara a matsayin malalaci, mai zuwa a makare, mai rigima. Mai ƙara yana da damar neman kwafinta ya mayar da martani. Wurin nan ne ake gane wanda ya shirya. Wanda ya zo da zafin rai kawai, sai ya cika takarda da cewa su azzalumai ne. Wanda ya shirya kuwa sai ya ce: sun ce na makara sau uku, ga wane, farar fata, sashenmu ɗaya, manajanmu ɗaya, ya makara sau biyar a watan, ba a ko ja masa kunne ba. Mataki na ukun nan ke nan na shari'ar Green. Mai bincike yana iya neman fayiloli, ya yi hira da shaidu, ya ziyarci wurin aikin, idan kamfani ya ƙi ba da takardu hukumar ta aika masa sammaci.

Saboda haka shiri yana farawa tun kafin a je hukuma. Ma'aikaci ya riƙe ɗan littafi a gida, duk abin da ya faru ya rubuta a ranar: kwanan wata, lokaci, wuri, wanda ya faɗi, abin da ya faɗa kalma da kalma, da waɗanda suke wurin. Ya adana takardun albashinsa da na yabon aikinsa. Idan zai kai kuka ga shugabanni ya yi a rubuce, ya faɗi kalmar wariyar launin fata ƙarara, ya ajiye kwafi. Amma kada ya kwashi takardun sirri na kamfani, kada kuma ya naɗi muryar mutane a ɓoye ba tare da ya san dokar jiharsa ba, domin a jihohi irin su Kalifoniya da Fulorida sai da yardar kowa. Kuma ya riƙe aikinsa da kyau fiye da da: zuwa a kan lokaci, bakinsa a tsare, hannunsa a tsare.

Maganar bi-ta-da-ƙulli kuwa, doka ta haramta a hukunta mutum don ya kai ƙorafi ko ya ba da shaida, ko da daga baya ba a tabbatar da ainihin zarginsa ba. A 2006 Kotun Ƙoli ta ce ba sai an kori mutum ba, duk matakin da zai sa ma'aikaci mai hankali ya ji tsoron kai kuka ya shiga ciki. Duk da haka, shi ne zargin da ya fi yawa a gaban hukumar. Idan ya faru bayan an shigar da ƙorafi, a sanar da mai bincike nan da nan don a ƙara shi.

IDAN BINCIKE YA ƘARE

Ƙarshen bincike hanya biyu ce. Ko hukumar ta rufe fayil ta ba mai ƙara takardar izinin zuwa kotu, wanda shi ne abin da ya fi faruwa. Ko ta ce ta ga dalili mai ƙarfi, ta gayyaci kamfanin sasanci. Idan sasanci ya rushe tana iya kai ƙara da kanta, amma wannan kaɗan ne ƙwarai. A shekarar kuɗi ta 2024 ta karɓi sababbin ƙorafe-ƙorafe 88,531, ƙararrakin da ta shigar da kanta kuwa ɗari da 'yan kai ne. Wato mafi yawan mutane takardar izini za su karɓa. Daga ranar da ta iso, kwana 90 ne kacal a shigar da ƙara a kotu. Wanda kuma ya gaji da jira yana iya neman takardar da kansa bayan kwana 180 da shigar da ƙorafi. Rufe fayil ba ya nufin an ƙaryata mutum, kuma wannan ita ce gadon da Green ya bar wa na baya.

Idan an ci nasara akan samu komawa aiki, da albashin baya, da kuɗin lauya. Dokar 1991 ta ƙara diyyar ɓacin rai da ta ladabtarwa, amma ta sa masu iyaka gwargwadon girman kamfani: dala 50,000 ga mai ma'aikata 15 zuwa 100, dala 100,000 zuwa ma'aikata 200, dala 200,000 zuwa 500, dala 300,000 ga wanda ya haura haka. Tun 1991 ba a ɗaga waɗannan adadi ba. Sai dai ga wanda aka zalunta saboda launi akwai wata tsohuwar doka ta 1866, wadda aka yi bayan 'yanta bayi. Ita ba ta da wannan iyaka, ba ta buƙatar a bi ta hukumar, kuma a yawancin lamura wa'adinta shekara huɗu ne, ko da yake hujjarta ta fi tsauri. Shi ya sa lauyoyi kan haɗa su biyun.

Akwai kuma inda binciken ya yi amfani a fili. A watan Disamba na 2015 rikici ya tashi a mayankar kamfanin Cargill da ke garin Fort Morgan a jihar Kolorado, a kan hutun salla, aka sallami ma'aikata da yawa, galibinsu 'yan asalin Somaliya. Suka kai ƙorafi tare. Hukumar ta ce ta ga dalili mai ƙarfi na cewa an musguna masu, an hana su hutun salla, an kore su. A 2018 kamfanin, ba tare da ya amince da sakamakon binciken ba, ya yarda ya biya dala miliyan 1.5 ga mutum 138. Ƙungiyar ƙwadagonsu ma, wadda aka zarga da ƙin tsaya masu, ta biya dala 153,000. Ku duba bambancin mutum ɗaya da mutum 138. Abin da za a ce rigimar mutum guda ce, idan shaidu suka yi yawa sai ya zama tsari, kuma tsari ba ya ɓoyuwa.

Abu na ƙarshe, a san cewa hukumar ta gwamnati ce, iskar siyasa tana kaɗa ta. Kwamishinoni biyar ne ke jan ragamarta, shugaban ƙasa ke naɗa su. A watan Janairu na 2025 shugaba Donal Turam ya tsige biyu daga cikinsu. A watan Afrilu na shekarar ya ba da umarnin hukumomin tarayya su ja baya daga bin irin ƙarar da Kotun Ƙoli ta amince da ita a 1971 a shari'ar Griggs da kamfanin Duke Power, wato inda ƙa'idar ɗaukar aiki a fuska ba ta ambaci launi ba, amma a aikace tana tankaɗe baƙar fata ba tare da aikin yana buƙatarta ba. Umarnin shugaba bai goge dokar ba, mutum yana iya kai irin wannan ƙara kotu da kansa. Amma ya nuna cewa mai ƙara kada ya miƙa takarda ya koma gida ya naɗe hannu. Mai bincike ba lauyansa ba ne, kuma fayiloli da yawa ne a gabansa.

To, 'yan uwa, duk wanda yake da ɗan uwa a can ya isar masa da abu huɗu: ya rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru, ya ƙirga kwanakinsa tun daga ranar farko, ya nemi abokan aikin da aka yi wa irin abin da aka yi masa su tafi tare, kuma kada fushi ya sa ya ba azzalumi sandar da zai doke shi da ita. Allah Ya kare mu daga zalunci, Ya kuma hana mu zaluntar wani.